RUMFA BIYU, MAIGIDA ƊAYA: DARASI A KAN KASUWANNIN KUƊIN KIRIFTO

Daga Reshen Manshiya, Sabha

 

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata muhawara da ta tashi a zaman reshe a nan Manshiya. Wani ɗan uwanmu mai kawo tumaki da raƙuma daga Agadas ya ce shi kam ya huta da fargabar kuɗi, domin ya raba cinikinsa gida uku: kashi ɗaya a wannan manhaja ta waya, kashi ɗaya a waccan, na uku kuma a hannun wani ɗan canji. Ya ce ko ɗaya ta faɗi, biyu na tsaye. Sai wani dattijo daga cikinmu, wanda bai taɓa riƙe babbar waya ba, ya ce masa: "To Alhaji, su waɗannan gidaje uku, wa ke da su?" Wuri ya yi tsit. Shi Alhajin bai sani ba, mu ma da muke zaune ba mu sani ba. Wannan tambaya ita ce darasinmu.

ABIN DA YA KAI MU WANNAN HARKA

Ba son sabon abu ne ya kai fatake ga kirifto ba, wuya ce. Wanda ya sayar da dabba a Sabha ya san irin layin da ake bi a ƙofar banki tun wajen shekarar 2016, ya kuma san cewa farashin tsabar kuɗi daban, na caki daban. A Janairun 2021 Babban Bankin Libiya ya mayar da dala ɗaya dinari 4.48, a Afrilun 2025 kuma ya sake rage darajar dinarin da kashi 13.3 cikin 100. A Nijeriya, canjin takardun naira a farkon 2023 ya tsayar da ciniki a kasuwannin kara irin su Maigatari da Illela da Mai'aduwa, mutum na riƙe da sa amma mai saye ba shi da tsaba. Ga kuma hanya: daga Sabha zuwa Gatrun, zuwa Tummo, Madama, Dirku, har Agadas, ba wanda ke son ya ratsa wannan sahara da kuɗi a ƙugu.

Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka koma ga abin da ake kira USDT, wato wani kuɗin intanet da ake ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Ka ba da dinari a nan, a tura USDT ta waya, wani ya ba yaronka sefa a Damagaram ko naira a Kano. Abin na da sauri, ba mu musa ba. Amma saurin abu ba shi ne amincinsa ba.

MECE CE KASUWAR KIRIFTO?

Kafin mu yi nisa, bari mu fahimci abin da muke magana a kai. Kamfanoni irin su Binance da Bybit da Luno, aikinsu iri biyu ne. Na farko dillanci: suna haɗa mai saye da mai sayarwa, su cire la'adarsu. Na biyu ajiya: kuɗin da ka zuba yana hannunsu, su ke riƙe da makullinsa.

Abin lura a nan shi ne, lambar da kake gani a fuskar wayarka ba ita ce kuɗin ba. Rubutu ne a littafin kamfani, yana cewa "muna riƙe wa wane kaza". Daidai yake da abin da maigida ke rubutawa a littafinsa idan ka sayar da shanu a hannunsa ka ce ya ajiye maka sai ka dawo. Muddin maigida na tsaye, rubutun kuɗi ne. Ranar da ya karye, rubutun ya zama takarda.

MISALI DAGA KARA

Mu ɗauka ka kawo shanu 30. Don gudun asara sai ka ba dillalin rumfar gabas 15, ka ba na rumfar yamma 15. Kowa da yaransa, kowa da turakunsa, har ma ka ji suna ɓata juna a gabanka. Kana ganin ka yi dabara. Ashe duk su biyun yaran Alhaji ɗaya ne, da yamma a gidansa ake kai ciniki, a akwati ɗaya ake zubawa. Idan mahauta suka cinye masa bashi, ko ya kwashi kuɗin jama'a ya sa a wata harka ta nutse, rumfar gabas da ta yamma rana ɗaya za su rufe. Ka ga shanunka 30 ba gida biyu ka kai su ba, gida ɗaya ne mai ƙofa biyu.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a wurin fatake. Attajiran Gadamus da suka riƙa ciniki tsakanin Tarabulus da Gat da Damagaram da Kano a ƙarni na 19, gida ɗaya kan ajiye ɗa ko ƙane a kowane zango. Mai hulɗa da su ya san cewa wakilin Kano da na Tarabulus jaka ɗaya suke ci. Bambancin kawai shi ne, a da ana sanin ɗan gidan wa ne ta fuska da dangi. Yanzu kuwa sai suna da launi a fuskar waya.

GIDAN DA YA RUSHE DA 'YA'YANSA

Babban misalin da duniya ta gani shi ne na kamfanin FTX. Wani matashi ɗan Amurka mai suna Sam Bankman-Fried ya kafa shi a 2019, hedkwatarsa daga baya ta koma tsibirin Bahamas. Mutumin nan yana da wata kasuwar daban mai suna FTX US ta mutanen Amurka, yana da kamfanin Alameda Research mai juya kuɗi don neman riba, a 2022 kuma FTX ya sayi wata kasuwar ƙasar Japan mai suna Liquid. Kowanne da sunansa, da ma'aikatansa, da takardun rajistarsa. Ana ta faɗa wa jama'a cewa kowa harkarsa daban.

A ranar 2 ga Nuwamba 2022 wata jarida mai suna CoinDesk ta fallasa cewa babban kaso na dukiyar Alameda wani kuɗin kirifto ne da FTX ɗin da kansa ya ƙirƙira. Wato kamar mutum ya rubuta wa kansa takardar bashi, ya ce ita ce jarinsa. Mutane suka ruga cire kuɗinsu. Cikin mako guda FTX ya kasa biya. A ranar 10 ga wata Bankman-Fried ya fito ya ce matsalar ba ta shafi FTX US ba, kuɗin mutanen can na nan daram. Washegari, 11 ga Nuwamba, FTX da FTX US da Alameda da wasu kamfanoni kusan 130 na gidan suka shiga kotu tare suka ce sun karye. Liquid ma ta dakatar da biyan mutane. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.

Da aka yi bincike sai aka tarar ajiyar jama'a, kimanin dala biliyan 8, an bi da ita ta ƙofar baya zuwa Alameda. Kotu a birnin New York ta same shi da laifin zamba a Nuwamban 2023, a Maris 2024 aka yanke masa shekara 25. Kada wani ya ce ai can ne nesa. Wani kamfanin matasan Nijeriya mai suna Nestcoin ya ajiye kuɗin gudanar da aikinsa a FTX, a cikin watan nan na Nuwamba sai da ya sallami ma'aikata.

Ga wani abin da ya kamata falke ya riƙe. An fara biyan masu ajiyar FTX a Fabrairun 2025, bayan fiye da shekara biyu. Kuma an yi musu lissafi ne da farashin ranar da kamfanin ya karye, lokacin da Bitcoin ɗaya bai kai dala 17,000 ba, alhali ranar biyan ya haura dala 90,000. Kamar a riƙe maka sa shekara biyu, sannan a gab da Babbar Sallah a biya ka kuɗinsa na tsakiyar fari. Wane falke ne jarinsa zai kwanta shekara biyu bai mutu ba?

INDA AKA SAMI BAMBANCI NA GASKIYA

To, shin duk kasuwannin da ke da mai gida ɗaya kanwar ja ce? A'a. Adalci shi ne mu faɗi ɗaya ɓangaren, domin a nan ne ainihin darasin yake.

A cikin gidan FTX ɗin nan akwai reshen Japan. Ƙasar Japan ta sha wuya tun 2014 da kasuwar Mt. Gox ta rushe, ta sake sha a 2018 da aka yi wa Coincheck sata. Saboda haka ta kafa doka mai tsanani: dole kamfani ya ware kuɗin jama'a daga nasa, kuma hukuma na dubawa. Da gidan ya rushe, sai aka tarar ajiyar mutanen Japan na nan, hannun maigida bai kai gare ta ba. A Fabrairun 2023, wata uku kacal, suka fara cire kuɗinsu, sauran duniya kuwa suka jira shekara biyu. Haka wani reshen na Amurka mai suna LedgerX, wanda ke ƙarƙashin sa idon hukuma, bai shiga cikin masu karyewa ba, a 2023 aka sayar da shi dala miliyan 50.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Kamfanin Luno, wanda 'yan Nijeriya da yawa suka sani, wani babban kamfani mai suna Digital Currency Group ya saye shi a 2020. Shi wannan uban gida yana da wani ɗan mai suna Genesis, mai karɓar kirifto yana ba da rance. Genesis ya dakatar da biyan mutane a Nuwamban 2022, ya karye a Janairun 2023. Luno bai faɗi ba, ya ci gaba da aiki, sai dai a watan nan na Janairu ya sallami kusan kashi 35 cikin 100 na ma'aikatansa.

Dattawanmu za su tuna bankin BCCI da aka rufe a ƙasashe da dama a watan Yulin 1991. Na Nijeriya, da yake kamfani ne mai rajistar ƙasar da masu hannun jari 'yan ƙasa, bai rufe a ranar ba, ya sauya suna ya koma African International Bank.

Me muka koya? Ba suna ne ke raba gida biyu ba, ba kuma alkawarin maigida ba. Abin da ke raba su shi ne katanga, wato a ce akwatin kuɗin daban, mai makullin daban, sannan akwai wata hukuma daga waje mai ikon buɗe akwatin ta ƙirga. Inda akwai wannan, 'yan uwa biyu na iya zama gida biyu. Inda babu, ɗan juma ne da ɗan jummai.

MAI INUWA YA JANYE INUWARSA

Akwai wata fuska ta wannan magana, wato mutum ya amince da ƙaramar rumfa saboda an ce ta babban Alhaji ce. A Nuwamban 2019 Binance ya sanar wa duniya cewa ya sayi WazirX, wata babbar kasuwar kirifto ta Indiya. Mutane suka shiga da ƙarfin gwiwa. A Agustan 2022, da hukumomin Indiya suka fara bincike suka riƙe wasu kuɗaɗen kamfanin, sai shugaban Binance na lokacin, Changpeng Zhao, ya ce cinikin bai taɓa kammaluwa ba, ba su da hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da WazirX. Wanda ya kafa WazirX ya ce ba haka ba ne, an saya. Suka yi ta jayayya a bainar jama'a. A Yulin 2024 ɓarayin intanet suka kwashe kimanin dala miliyan 230 daga WazirX. Binance ya ce babu ruwansa. Masu ajiya suka shafe fiye da shekara guda kuɗinsu na kulle.

Mu a kara mun san wannan. Idan maigida ya tsaya wa mahauci lamuni, a gaban shaidu yake tsayawa, kuma in mahauci ya gudu shi zai biya. Amma "ai yaron Alhaji wane ne" ba lamuni ba ne. Dangantakar da za ta iya jawo maka asara idan uban gida ya faɗi, ba lallai ta jawo maka biya ba idan yaron ne ya faɗi.

Ku kuma lura da masu ba da shaida. Shafin CoinMarketCap, inda mutane da yawa ke duba jerin kasuwanni don sanin wacce ta fi girma, Binance ne ya saye shi a 2020. Ba mu ce ƙarya suke rubutawa ba. Amma idan mai sikeli ɗan gidan mai sayarwa ne, hankali ya ce ka sake aunawa a wani wuri.

RIJIYA ƊAYA

Yanzu mu komo ga ɗan uwanmu mai gida uku. Mu ɗauka ya bincika ya tarar manhajojin nan biyu masu su daban ne. Shin ya tsira? Da saura. Domin abin da ya zuba a ciki duka USDT ne, kuma USDT kamfani ɗaya ke fitar da shi, wato Tether. Garke uku ne, makiyaya uku, amma rijiya ɗaya suke sha. In ciwon huhu ya shiga ta wurin shan ruwa, ba ya tambayar garken wa ne.

Shi kansa Tether yana da ɗan uwa, wata kasuwa mai suna Bitfinex, masu su da manyan shugabanninsu ɗaya. A 2019 babbar lauyar gwamnatin jihar New York ta zarge su da cewa Bitfinex ya yi asarar kimanin dala miliyan 850 a hannun wani kamfanin biyan kuɗi, sai aka ɗebi ɗaruruwan miliyoyi daga ajiyar da ke tsaya wa USDT aka toshe ramin, ba a gaya wa jama'a ba. A Fabrairun 2021 suka biya dala miliyan 18.5 aka kashe maganar, ba tare da sun amsa laifi ba. A Oktoban shekarar wata hukumar Amurka ta ci Tether tarar dala miliyan 41 saboda iƙirarin da ya yi a baya cewa kowane USDT na da dalarsa a ajiye. Bitfinex ya mayar da rancen, USDT kuma bai rushe ba. Amma mun ga yadda hannu ke tsallakawa daga wannan aljihu zuwa wancan idan riga ɗaya ce. A sani kuma, Tether na da ikon daskarar da USDT a duk inda yake, kuma yana yin haka idan hukumomi suka nema.

Wata rijiyar ita ce gwamnati. A Fabrairun 2024 Nijeriya ta tsare jami'an Binance biyu, a Maris kamfanin ya rufe duk harkar naira. Ba a jima ba KuCoin ya dakatar da cinikin naira tsakanin mutum da mutum, a Agusta kuma OKX ya fice daga ƙasar. Masu su daban-daban ne, amma sanda ɗaya ta same su.

Rijiya ta uku ita ce ta kusa da mu, kuma ita muka fi mantawa. Yawancinmu ba mu ke taɓa manhajar ba, ɗan canji muke ba dinari. Kana iya hulɗa da shago biyu a Sabha da ɗaya a Agadas, ashe duka wurin mutum ɗaya suke sayen USDT, ko ma asusu ɗaya suke amfani da shi. Ranar da aka rufe wannan asusu, ko aka kama mai shi, duk ukun za su ce maka "sai haƙuri, Alhaji, hanya ta toshe".

TAMBAYOYI BIYAR KAFIN KA ZUBA KUƊI

Matambayi ba ya ɓata. In ba ka karatun boko, sa yaronka ya duba maka, ka zauna kusa da shi.

1. Wa ke da shi? Kada ka tsaya ga sunan manhaja. A cikin sharuɗɗan da ake danna "na yarda" ba a karanta ba, akwai sunan ainihin kamfanin da ƙasar da ya yi rajista. Gwada na wannan da na waccan.

2. Makulli na hannun wa? Akwai manhajar da kamfani ke riƙe maka kuɗi, akwai kuma lalita wadda kai ke riƙe da kalmomin sirrinta, yawanci 12 ko 24. Trust Wallet, alal misali, Binance ya saye ta a 2018, amma kalmomin na hannun mai ita, don haka rufe asusun kasuwa ba ya rufe ta. Sai dai in ka ɓatar da kalmomin, ko wani ya gani, babu ofishin da za ka kai kuka.

3. Wace hukuma ke duba akwatin? Rajistar kamfani daban, lasisin riƙe kuɗin jama'a daban.

4. Mai kasuwar yana da wani kamfanin da ke juya kuɗi ko ba da rance? Ko yana da nasa kuɗin da ya ƙirƙira? In haka ne, ka tuna Alameda. Duk wanda ya ce ka bar ajiyarka zai riƙa ba ka riba, to ka sani ba ajiya ba ce kuma, ranta masa ka yi.

5. In abu ya ɓaci, ina za ka kai ƙara? In amsar ita ce wani tsibiri da ba ka san inda yake ba, to cinikin biri a sama ka yi.

Shi ma ɗan canji a yi masa irin waɗannan: wa ke ba ka? wa zai biya in an sami tangarɗa? wa ya tsaya maka? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

MATSAYIN DOKA

Wajibi ne mu faɗa wa juna gaskiya. A 2018 Babban Bankin Libiya ya ba da sanarwar cewa hulɗa da kuɗaɗen intanet irin su Bitcoin haramun ce a doka, kuma babu kariya ga mai yin ta. Baƙo a ƙasar mutane ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan. A Nijeriya, Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023. A Agustan 2024 hukumar SEC ta ba Busha da Quidax amincewar farko, a 2025 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin hukumar. Duk da haka, inshorar NDIC da ke biyan mai ajiyar banki har naira miliyan 5 tun 2024, ba ta shafi kirifto ba. Wanda kuma ya ga yadda CBEX ta kwashe kuɗin jama'a a Afrilun 2025 bayan alkawarin ninka jari, ya san cewa ba duk mai kiran kansa kasuwa ne kasuwa ba.

SHAWARAR RESHE

Reshe bai ce kowa ya shiga ba, bai kuma ɗauki nauyin kowane kamfani ba. Ga wanda lalura ta sa ya bi ta wannan hanya, muna cewa:

Ka ɗauki kasuwar kirifto a matsayin mashigi, ba zango ba. Kuɗi su shiga, su fita, a mayar da su dabba ko tsaba cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda FTX ya cinye, wanda ya kwana a ciki ne.

Kada ka tura cinikin ayari duka a lokaci guda. Tura kaɗan, yaronka ya kira ya ce ya karɓa a hannu, sannan ka tura saura.

In za ka raba, raba na gaskiya: wani kaso a banki, wani a hannun amintaccen da ke da gida da dangi da mai tsaya masa, wani ya tsaya a dabba ko kaya. Manhaja uku masu USDT ba rabo uku ba ne.

Kuɗin amana, wato na makiyayan da suka ba ka dabbobinsu bashi, kada ka kwanar da su inda ba ka san mai gidan ba. In naka ya nutse ka yi asarar dukiya, in nasu ya nutse ka yi asarar suna, kuma falke ba shi da jarin da ya wuce sunansa.

A rubuta komai, da kwanan wata, da shaidu biyu, ko da da ɗan uwanka ne.

TAMBAYOYIN BITA GA RASSA

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan darasi a zamansu, su tattauna waɗannan:

1. Me ya sa mutanen Japan suka sami kuɗinsu cikin wata uku, na FTX US kuwa suka jira shekara biyu, alhali mai su ɗaya?
2. A garinku, 'yan canji nawa kuke hulɗa da su, kuma kun tabbata ba tushe ɗaya suke ba?
3. Idan aka rufe hanyar da kake tura kuɗi gobe da safe, nawa ne naka zai maƙale, kuma nawa ne na mutane?

Shi dai ɗan uwanmu da ya jawo wannan magana, bayan kwana biyu ya dawo ya ce ya tambayi ɗan canjinsa inda yake ajiye nasa USDT ɗin. Ashe a ɗaya daga cikin manhajojin nan biyu ne. Gida ukun sun koma biyu tun kafin a duba takardun sauran. Ya ce da dattijon nan: "Baba, ka fi mu gani." Dattijo ya ce ba gani ba ne, an taɓa cinye masa shanu tara ne a rumfa biyu.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk reshen da ke da ƙarin bayani ko gyara, ya aiko ta hannun sakatare. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya kai kowa gida lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.